Abin Da Marubuci Zai Tarar A Hannun Edita

Duk wanda ya rubuta littafin Hausa a Jos, ya miƙa wa kamfanin ɗab'i, kada ya zaci washegari za a buga shi. Sai ya bi ta hannun edita tukuna, aikin da kan ci watanni.

Edita zai fara duban tsarin littafin, ya ce a rage nan, a ƙara can. Haka Dokta Rupert East ya yi wa littattafan gasar 1933 a Zariya, gasar da ta haifi Ruwan Bagaja.

Gyara mafi yawa kuwa a kan harshe yake. A Jos kabilu da dama ke magana da Hausa, saboda haka a kan ji "mota ya tafi", a kan kuma rubuta k a gurbin ƙ. Edita zai mai da waɗannan bisa Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina kan karin Kano. Amma maganar da aka sa a bakin ɗan kasuwar Terminus ko mahaƙin kuza, marubuci na da ikon ya ce a bar ta yadda take.

Kafin bugu za a aiko masa da shafukan gwaji. Lalle ya karanta su baƙi bayan baƙi, domin gyara bayan ya sa hannu kan jawo jinkiri da ƙarin kuɗi.