Awon Igiya da Taswirar Gari

A gefen birnin Kano, unguwa ba ta jiran izinin kowa kafin ta tsiro. Manomi zai ga gine-gine sun iso bakin gonarsa, sai ya kira dillali da mai awo, a ja igiya, a kafa turaku, a yanka gonar fuloti-fuloti. Kowane taku kuɗi ne, don haka hanya ita ce abin da ya rage bayan an gama rabo. A rubuta takardar ciniki, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su dangwala. Bayan 'yan shekaru wurin ya cika da jama'a, amma lungun ko motar ɗaukar mara lafiya ba ta shiga, babu filin makaranta, babu maƙabarta, ruwan wankan wannan gida yana kwanciya a ƙofar wancan. Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi aka gina babban ɓangare na unguwanni irin su Kurna da Rimin Kebe da Ɗorayi.

Mutane kan ce abin da ya rasa a irin waɗannan wurare shi ne taswira. Ni a ganina taswira ita ce ƙarshen aiki. Abin da ya rasa tun farko shi ne binciken da ake yi kafin a ɗora alƙalami a kan takarda.

Binciken yana farawa da ƙidayar mutane: nawa ne yanzu, nawa ake haifa, baƙi nawa ke shigowa daga karkara, kuma nawa za su zama nan da shekara 20. Daga wannan lissafi ake sanin yawan azuzuwa da gadajen asibiti da ruwan famfo da za a buƙata. Sai a duba wa ke da wace ƙasa, gonar gado ce ko filin gwamnati ko burtali. Sai a tsaya a mahaɗar tituna da safe da yamma ana ƙirga motoci da babura masu ƙafa uku, a tambayi fasinja daga ina ya taso, ina za shi. A yau hotunan tauraron ɗan'adam da kwamfuta sun rage wahala ƙwarai, amma ba su gaya wa kowa dalilin da ya sa 'yan tireda suka zaɓi wannan kwana suka ƙi wancan ba. Wannan sai an je an zauna da su.

Sashen da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na ruwa, alhali shi ne mafi tsada idan aka yi kuskure. Mai bincike yana auna tudu da kwari, ya gano inda ruwan sama ke bi da inda yake taruwa. A da, tsohon birnin Kano cike yake da kududdufai, yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma su ke shanye ruwan damina kafin ya gangara rafin Jakara. Da filaye suka yi daraja sai aka riƙa cike su da shara da ƙasa ana ɗora shaguna da gidaje. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Da a ce an lissafa yawan ruwan da kowane kududdufi ke riƙewa, da an san girman magudanar da za ta maye gurbinsa kafin a ba da izinin gini. Haka batun masana'antu: dagwalon da ke fitowa daga Bompai yana bin rafin Getsi, na Challawa da Sharaɗa kuma yana nufar kogin Challawa, kuma a bakin waɗannan ruwaye akwai masu lambu. Inda za a ajiye masana'anta hukunci ne da ya shafi salak ɗin da ake ci a cikin gari.

Ba wai Kano ba ta taɓa samun irin wannan aiki ba. B.A.W. Trevallion ya shirya mata tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Sai dai shekara huɗu kacal da fara aiki da shi, a 1967, aka ƙirƙiri jihohi, Kano ta tashi daga hedikwatar lardi ta zama babban birnin jiha, da ma'aikatu da ma'aikata da buƙatar gidajen da ba a yi hasashensu ba. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 da farin da ya kora mutanen karkara cikin birni suka ƙara dagula lissafin. Wannan ba gazawar mai tsarin ba ce. Hasashe yana tsufa, shi ya sa masana ke cewa a riƙa sake duba shi duk bayan 'yan shekaru. Kaduna ma ta samu nata a 1967 daga Max Lock da abokan aikinsa, waɗanda suka waiwayi shekara 50 na baya suka kuma hango har zuwa 2017.

Abuja ta nuna wani gefen matsalar. An kafa ta da doka a 1976, kamfanin International Planning Associates na Amurka ya miƙa babban tsarinta a 1979, Kenzo Tange na Japan ya zana tsakiyar birnin, gwamnati ta tare a watan Disamba na 1991. Tituna sun yi faɗi, unguwanni sun yi kyau. Amma direba da masinja da mai gadi ba su iya kama haya a Garki ko Wuse, sai suka tattara a Nyanya da Mararaba da Suleja, biyu na ƙarshen ma a wajen iyakar birnin tarayya suke. Cunkoson da ake sha kowace safiya a hanyar Keffi amsar tambaya ce da ba a ba ta haƙƙinta ba: ina ƙaramin ma'aikaci zai kwana?

Dokoki dai akwai su. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, dokar tsara birane ta 1992 ta fayyace matakan tsari daga tarayya zuwa ƙaramar hukuma, akwai hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, jami'o'i kamar ta Ahmadu Bello suna yaye masana wannan fanni kowace shekara. Abin da talaka ya fi sani game da hukumomin shi ne jan fenti a bango da motar rusau, wato suna iso shi ne bayan ya zuba gumin shekaru a cikin bulo da siminti.

Akwai aiki mai sauƙin kuɗi da za a iya yi kafin a kai ga haka. A je gonakin Ungogo da Kumbotso da Gezawa da gari bai riga ya cinye ba, a zauna da dagatai da masu unguwanni da masu gonaki da su kansu dillalan, a fitar da manyan hanyoyi da magudanai da filin makaranta da na maƙabarta, a kafa duwatsun shaida, a biya diyya tun ƙasar tana kan farashin gona. Ragowar filin masu shi su yanka yadda suka saba. Diyyar kadada ɗaya ta dawa ba ta kai ta gida biyu masu rufin kwano ba.