Ina Za Mu Kai Matacciyar Kwamfuta?

Da wuya yanzu ka shiga gida a Tsiga ka rasa matacciyar waya a cikin kwalla, ko tsohon batir a bayan ɗaki. A waɗansu makarantu da ofisoshi kuma akwai kwamfutoci irin masu ƙaton ƙeyar nan, sun yi shekaru suna shan ƙura. Da yawansu kwance ne, sun gama aiki a Turai kafin a sauke su a Legas. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka ta ce kwantena wajen 500 ta irin kayan nan ke shiga Legas kowane wata, kuma abin da ba ya gyaruwa a ciki yakan kai kashi 75 cikin 100.

In abu ya mutu a hannunmu, sai mu jira ɗan gwangwan. Shi kuwa abincinsa yake nema, ba wanda zai ga laifinsa. Jan ƙarfe yake so. Don haka akan fasa kwamfutar, a cinna wa wayoyin wuta robar ta ƙone, yara suna tsaye suna shaƙar baƙin hayaƙin. Gilashi da sauran tarkace kuwa sai juji.

To, a nan maganar ta shafi manomi. Gilashin tsohuwar kwamfuta ko talabijin ɗaya tak yakan ɗauki dalma fiye da kilo guda. Mu kuma kafin damina jujin nan muke kwashewa mu kai gona taki, inda za mu shuka masara da waken soya. Dalma ba ta ruɓewa kamar kashin shanu. Tana nan cikin ƙasa, yaro ya yi wasa, ya kai hannu baki. Ba ta da wari, tana kuwa dakushe ƙwaƙwalwar yaro a hankali. A Zamfara, a 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Tasu daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar iri ɗaya ce.

Doka tana nan. An kafa hukumar NESREA a 2007, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idodin tattara matattun kayan lantarki. Sai dai kamfanonin da ke da injin warware su ba tare da ɓarna ba kaɗan ne, yawancinsu kuma a Legas suke. Wa zai biya kuɗin mota daga Funtua domin kwamfutar da ta mutu?

Saboda haka, iyaye, a fara kai ta wurin mai gyara, gama sau da yawa ɗan abu ne ya lalace, ko kuwa ya sayi sassanta masu rai. In ba ta tashi ba, a ajiye ta ɗungum inda ruwa ba ya zuba, yara kuma ba sa kaiwa. Kada a fasa, kada a ƙone. Uwargida in tana shara, ta tsince batura dabam cikin gwangwani mai murfi, kada su bi toka zuwa juji.