Taurari masu wutsiya a gefen hoto: abin dubawa kafin sayen gilashin gyaran koma

A daren Nuwamba, bayan damina ta ɗauke kuma ƙurar hunturu ba ta kankama ba, tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta yakan hau kusan tsakiyar samaniyar Kaduna. Matashin da ya kafa na'urar hangen nesa mai madubi a saman bene a Barnawa ko Narayi, ya ɗaura mata kyamara, yakan tarar da abu guda a hotonsa na farko. Taurarin tsakiya sun fito ɗigo-ɗigo tsaf, na kusurwa kuwa kowace ta yi 'yar wutsiya mai nuna waje.

Sunan wannan illa koma. Ba ta da alaƙa da komawa gida, kalmar Girkanci ce mai nufin gashi. Kuma ba lalacewa na'urar ta yi ba. Irin wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668, wadda har yau ake kira da sunansa, tana tara haske ne da madubi mai zurfi kamar akushi. Hasken da ya shigo kai tsaye yana haɗuwa a ɗigo ɗaya, wanda ya shigo a karkace kuwa sai ya baje. Ko babbar na'urar Hale mai faɗin inci 200 da aka buɗe a dutsen Palomar na Amurka a 1948 sai da aka sanya mata gilashin gyara wanda Frank Ross ya tsara. Ƙaramin irinsa ne ake sayarwa yau a shagunan intanet da sunan coma corrector.

Ba kowa ne ke buƙatarsa ba, kuma a nan kuɗi ke salwanta. Wanda ke liƙa wayarsa a bakin gilashin leƙe don ɗaukar wata ko Zara ya riƙe kuɗinsa, domin abin da yake ɗauka yana tsakiya, inda koma ba ta kai. Gilashin na mai cire lens ɗin kyamara ne ya haɗa ta kai tsaye da na'urar, yana son faffadan fili cike da taurari.

Lambar da za a fara dubawa ita ce wadda aka rubuta a jikin bututu: f/4, f/5, f/8. Ƙanƙantar lambar na nufin na'urar tana tara haske da sauri, amma komarta ta fi tsanani. A f/8, da'irar tsakiya da ba ta da wannan illa ta kai kusan milimita 11. A f/5 ba ta cika milimita 3 ba, a f/4 kuwa ba ta kai ɗaya da rabi ba. Sensar kyamara irin APS-C, wadda ke cikin yawancin Canon da Nikon masu sauƙin kuɗi, tana da kusan milimita 28 daga kusurwa zuwa kusurwa. Ke nan mai f/5 ko f/4 ba shi da mafita sai gilashin, mai f/8 kuma yana iya yanke gefen hoto ya wuce.

Sai a tabbatar koma ce da gaske. Idan duk taurarin, har na tsakiya, sun miƙe ta fuska ɗaya, mariƙin da ke bin tafiyar sama ne bai daidaita ba, ko iska ta girgiza shi. Idan kusurwa ɗaya ta fi sauran muni, kyamarar ta karkace ko madubai sun goce, abin da ba wuya ya faru ga na'urar da ta sha jijjiga a bayan Keke Napep daga Sabon Tasha zuwa Gonin Gora. Daidaita madubai aikin 'yan mintuna ne, kuma gilashin gyara ba ya rufa wa mai sakaci da shi asiri, tona shi ma yake ƙara yi. Hasken fitilun Kakuri da hazon Janairu kuwa babu gilashin koma da ke maganinsu.

Akwai kuma na'urorin da ba za su karɓe shi ba sam. Kusan duk waɗannan gilasai an yi su ne don bakin saiti mai faɗin inci 2, alhali ƙananan na'urori masu araha bakinsu inci 1.25 ne. Wasunsu ma madubinsu ba irin wanda gilashin ya san gyarawa ba ne. Wasu kuma an yi su ne don kallo da ido, kyamara ba ta iya matsowa ciki har hoto ya fito. Shi ya sa Sky-Watcher ta fitar da jerin 130PDS da 150PDS da 200PDS, duka f/5, musamman don masu kyamara.

A kasuwa, sunaye kaɗan ne ke yawo. Baader MPCC Mark III gajere ne, mara nauyi, ba ya canza girman hoto, kuma ga mai f/5 da sensar APS-C ya wadatar. Na Sky-Watcher mai 0.9x yana ɗan faɗaɗa fili ya ƙara sauri. Mai f/4 ya fi dacewa ya nemi mai gilasai huɗu irin GPU, wanda Pal Gyulai ɗan ƙasar Hangari ya tsara, domin taurarinsa sun fi tsukewa har gefe. Paracorr na Tele Vue yana da suna sosai, sai dai yana ƙara girman hoto da kashi 15 cikin ɗari, yana mai da f/4 ta koma f/4.6, ga tsada ga nauyi. Farashin waɗannan kaya yana farawa daga dala ɗari da ɗoriya ya haura ɗari biyar, ban da kuɗin jigila da na kwastam. Ga ɗan Kaduna da ya jira makonni kafin kunshinsa ya iso, mayar da kayan da bai dace ba kusan zance ne kawai.

Abin da ya fi kayar da sababbin shiga shi ne tazara. Yawancin gilasan suna son milimita 55 tsakaninsu da sensa. A Canon mai bakin EF sensar tana da zurfin milimita 44, zoben haɗi da ake kira T-ring ya cika sauran 11. A Nikon mai bakin F lissafin 46.5 ne da 8.5. Kyamarori marasa madubi sensarsu ta fi kusa da baki, don haka sai an ƙara zobba. Kuskuren milimita ɗaya ko biyu ya isa ya dawo da wutsiya a f/4, mutum ya ɗauka jabu aka sayar masa. Hoton da kansa yana faɗa: idan taurarin gefe sun miƙe suna nuna waje, a ƙara tazara, idan sun lanƙwashe suna zagaye tsakiya, a rage. Siraran zobban ƙarawa ba su da tsada, gara a saka su cikin oda ɗaya da gilashin.

Da hunturu ƙura za ta sauka a kansa ko an so ko ba a so ba. Ba a goge shi da bakin riga, domin ƙurar tana da yashi mai karce gilashi. A hure ta da 'yar robar busa iska ta masu kyamara, a mayar da murfi da zarar an gama.