Famfon Mai Ya Mutu? Abin Da Wayarka Za Ta Yi Maka Kafin Ka Kwance Tanki A Gida

Duk wanda ke da mota a Gaya ko Ajingi ya san irin wannan safiyar: ka murza makulli, injin yana ta juyawa amma ya ƙi tashi. Kafin ka ce wani abu, abokai sun yanke hukunci: famfon mai ne. Daga nan sai lissafi. Ko ka nemi wanda zai ja motar zuwa gareji, ko ka bi ta Wudil ka shiga Kano, ka sayo sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa, ka dawo ka ɗaura da kanka kana kallon bidiyo a YouTube.

Aikin yana yiwuwa a gida. Amma wurare biyu mutane ke yin asara: sayen famfo alhali tsohon lafiyarsa ƙalau, da kuma wasa da tururin fetur.

Me ke kashe shi?

A yawancin motocin fetur da muke hawa, famfon ƙaramin inji ne mai aiki da lantarki, yana nutse a cikin tanki. Man da yake turawa shi ne kuma ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa sun koma shan lita biyu ko uku, allura kullum tana kwance a kan ja. Famfon da ke yawan zuƙar iska yana ɗaukar zafi, ƙarfinsa na raguwa. Ƙara da man galan na 'yan bumburutu, wanda wani lokaci yake zuwa da ƙura ko ruwa, ya toshe 'yar rariyar da ke bakin famfon.

Alamominsa sanannu ne: mota ta riƙa shiƙa idan ka taka totur ko za ka wuce tirela, ta mutu idan ta yi zafi sannan ta tashi bayan ta huce, ko ka riƙa jin ƙara mai tsini daga wajen kujerar baya.

Fara da kunne, sannan waya

Ka murza makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar. Famfo mai rai zai yi 'yar ƙara ta kamar daƙiƙa biyu ya yi shiru. Idan ba ka ji ba, duba fis da rile tukuna. Hoton akwatin fis na motarka yana intanet, kuma sau da yawa yana jikin murfin akwatin. Fis ɗin da kuɗinsa bai kai na katin waya ba zai iya kashe mota ɗungurungum.

Mataki na gaba shi ne na'urar ELM327, wata 'yar aba da ake soka wa a mahaɗin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari. Tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, ka karanta saƙon kwamfutar mota da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Lambar P0230 tana nuni da matsala a layin wutar famfon, P0087 tana nufin ƙarfin turin mai ya yi ƙasa, P0171 kuma iska ta fi mai yawa a injin. Ka lura, babu ɗaya cikinsu da ke cewa famfo ya mutu kai tsaye. Hanya kawai suke nuna maka. Sannan tsarin OBD2 ya zama dole ne a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur. Don haka tsohuwar Golf 3 da aka shigo da ita daga Turai tana iya ƙin yin magana da na'urar, amma Corolla ko Accord na shekarun 2000 galibi ba su da wannan matsala.

Kafin ka sayi sabo

Ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon famfon, ko ka tafi da shi kasuwa. Famfuna suna kama da juna a ido, amma ƙarfin turinsu ya bambanta. Ka haɗa da sabuwar rariya da robar bakin murfi. Idan na Beljiyam za ka saya, ka nemi a gwada maka shi, kuma ku yi magana kan sharaɗin dawowa kafin ka biya, domin komawa Kano daga Ajingi saboda kaya ɗaya ba ƙaramin kuɗin mota ba ne.

Yadda aikin yake

A Corolla ta 2003 zuwa 2008, murfin famfon yana ƙarƙashin kujerar baya. A Golf 3 yana cikin but, ƙarƙashin kafet. Wasu motocin kuwa sai an sauke tankin gaba ɗaya. Idan taka irin wannan ce, bar wa bakanike, kada ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai.

Cire fis ɗin famfon, ka tayar da motar har ta mutu da kanta idan tana tashi, don man da ke matse a tiyo ya saki. Cire wayar baƙi ta batir. Goge ƙurar da ke kewaye da murfin sosai, kada ta zuba a tanki. Ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo tun kafin ka buɗe, sannan ka ajiye wayar can nesa. Zaro famfon a hankali kada ka lanƙwasa hannun da ke auna yawan mai, in ba haka ba allurarka za ta riƙa yi maka ƙarya. Bayan ka ɗaura sabo, mayar da batir, ka murza makulli sau uku ba tare da tayarwa ba, ka duba ko akwai yoyo, sannan ka tayar.

Inda rai ke ciki

Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya yi nisa ba ka gani. A gidajenmu kuwa murhu, gawayin mai shayi, janareta da yara masu ashana duk suna kusa. Kada ka yi aikin a zaure ko cikin ɗaki. Fitar da motar fili da rana, ka buɗe duk ƙofofi, ka sanar da mutanen gida kada a hura wuta. Ka ajiye bokitin yashi ko abin kashe gobara a gefe, ruwa ba ya kashe wutar fetur, baza ta yake yi. Kada ka jona famfo kai tsaye da batir a bakin buɗaɗɗen tanki don ka ga ko yana aiki. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Bayan an gama, sabon famfon zai daɗe ne kawai idan ka sauya ɗabi'a. Yi ƙoƙari kada mai ya sauka ƙasa da kwata na tanki, kuma idan dole ta sa ka sha na galan, a tace shi kafin a zuba.