Ilimin asiri da ilimin awo

A shekarar 1754, lokacin da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, nan kusa da Galmi, Isaac Newton ya cika shekara 27 a kabari. Wasu kan jera waɗannan sunaye biyu don su ce Turai na lissafi ƙasar Hausa na barci. Tarihi bai yarda ba. A 1741 wani Bakatsine, Muhammadu al-Kashnawi, ya rasu a Alƙahira bayan ya rubuta littafi kan jera lambobi cikin hatimi, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Kuma da Bature matafiyi Clapperton ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci a Sakkwato, Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar irinsa, gobara ce ta cinye shi. Ke nan ƙwaƙwalwa da littafi duk akwai su.

Abu na farko da ya sauya a Turai tsakanin 1543 da 1687 shi ne wanda ke da magana ta ƙarshe in littafi da ido suka saɓa. Vesalius ya feɗe gawa da hannunsa, ya tarar Jalinusu, wanda likitoci suka bi fiye da shekara dubu, ya yi kurakurai saboda dabbobi ya feɗe. A 1609 Galileo ya inganta madubin hangen nesa da masu sana'ar tabarau na Holan suka ƙera, a 1610 ya hango watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari. Na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, kowannensu ya buga abin da ya gani don abokin hamayyarsa ma ya gwada. A 1660 aka kafa ƙungiyar masana a Landan domin wannan aiki. A ƙasar Hausa kuwa hatimi asiri ne, malam kan ba almajirin da ya amince wa kaɗai. Sirrin ƙarfe na gidan maƙera ne. Boka kan tafi kabari da maganinsa. Kuskuren da aka rufe a tukunya wa zai gyara shi?

Za a ce wannan hanya ta Nasara ce, raina magabata ce. To ai kusan shekara ɗari shida kafin Galileo, Ibn al-Haytham ya zauna a ɗaki mai duhu a Alƙahira yana gwada haske, har ya ƙaryata masu cewa ido ne ke fitar da haske ya ga abu. Turawa kuma ba da guɗa suka tarbi sabon tunanin ba: a 1633 Coci ta gurfanar da Galileo, ya ƙare rayuwarsa a tsare a gida.

Suka mai ƙarfi ita ce ta manomi. Wa ya koya wa mutanen Galmi zaɓen iri har albasarsu ta yi suna a kasuwannin Abijan da Akara? Gwaji suka yi, shekara da shekaru, babu musu. Sai dai gwajin da ba a rubuta ba, ba a bar wani fangali babu taki don kwatance ba, in ya yi kyau ba a san ko takin ne ko ruwa ko sanyin bana. Maginiyar tukwane a Illela takan gane wuta ta kai daga launinta, kuma da wuya ta kuskure. A masana'antar siminti ta Malbaza kuwa ana toya farar ƙasa a zafin da ya kai wajen digiri 1450, lambar na rubuce, ma'aikacin da ya zo jiya zai iya karanta ta, ya kuma nuna wa shugabansa ranar da wutar ta gaza.