Yaron Sarkin Kasuwa Ya Ce Bai Ga Rumfa Ba

Kowane sarkin kasuwa yana da yaro mai zagaye, wanda zai dawo ya gaya masa wa ya buɗe rumfa, wa ya makara, ina cunkoso ya yi yawa. To, ɗakin kwamfutocin banki ma kasuwa ce. Rumfunan su ne sabobin da ke ɗauke da manhajoji, irin su Tomcat da WebLogic. Yaron kuwa 'yar manhajar sa ido ce, irin ta Zabbix da aka ƙera a Latbiya.

Rigima tana tashi ran da yaro ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ga rumfar Tomcat ba," alhali ga jama'a can suna ta ciniki. Sabon injiniya sai ya ɗora hannu a ka, ya kashe saba ya kunna. Tsohon hannu kuwa yaron yake titsiyewa.

Wane suna ka je nema? Galibin manhajojin da ke gudana a kan Java sunansu ɗaya a jerin ayyukan kwamfuta: java. Kamar ka tsaya a tsakiyar Kantin Kwari ka ƙwala kiran "Alhaji!" Ai rabin layi zai waiwayo. Dole a haɗa wa yaro da laƙabi, na Tomcat kuwa shi ne catalina.

Wace lamba ka duba? Tomcat kan zauna a ƙofa mai lamba 8080, WebLogic a 7001. Amma mai rumfar Tomcat yana iya sauya lambar a fayil ɗin server.xml bai sanar da kowa ba, yaro ya yi ta sallama a kango.

Kuma ganin rumfa a buɗe daban, sanin kayan da ke ciki daban. In ana son ya ƙirgo yawan masu jira da sauran wurin ajiya, sai ya bi ta ƙofar baya da ake kira JMX. Ita kuwa a kulle take zuwa, sai an rubuta izini a setenv.sh, an sake tayar da Tomcat. Ko an buɗe, akwai maigadi, wato katangar tsaron da ke tare baƙuwar fuska. Wani lokaci ma yaron ne aka ba ƙaramin matsayi a Linux, har ba ya iya hango ayyukan wasu.

Abin daɗin shi ne yaron nan ba ya rabo da littafi, komai ya tarar sai ya rubuta. In ya ce an ƙi shi nan take, ƙofar ce a rufe ko lambar ba daidai ba. In ya ce ya jira har ya gaji, galibi aikin maigadi ne.

Saboda haka malam injiniya, kafin ka tayar da masu ciniki ka rufe rumfa mai lafiya, buɗe littafin yaron ka karanta. Sau da yawa laifin na saƙon da ka ba shi ne.