Matatar Haske: Yadda Hoton Taurari Ke Samun Launinsa

Mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin hoton nan na gajimaren taurari da madubin hangen nesa na Hubble ya ɗauka a shekarar 1995, mai kama da ginshiƙai uku tsaye. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kyamarar ba ta ganin launi. Ƙarfin haske kawai take aunawa, wato baƙi da fari.

To, daga ina launin ya fito? Daga matatar haske. Wannan wani gilashi ne da ake sa wa a gaban kyamara, ya bar haske iri ɗaya ya wuce, ya tare sauran, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Misali, iskar haidurojin tana fitar da jan haske mai tsawon zango nanomita 656, kuma akwai matatar da ba ta barin komai sai shi. A hoton 1995, sau uku aka ɗauki wurin da matatu daban-daban, sannan aka ba hasken farar wuta launin ja, na haidurojin kore, na oksijin shuɗi.

A nan ne aikin manhajar kwamfuta ya shigo. Kowane hoto yana zuwa da bayani a kansa: sunan matata, ranar ɗauka, da tsawon lokacin da kyamara ta yi a buɗe. Ita kuma manhaja tana da jerin matatu, kowace da sunanta, da zangon hasken da take bari, da faɗinsa. Sai sunan ya dace da jerin kafin ta san yadda za ta gyara hoton. Idan mai bincike ya rubuta suna ba daidai ba, ko ya ba matatu biyu suna ɗaya, manhaja za ta haɗa hasken da bai kamata ba. Tunda da bambancin haske tsakanin matatu ake gane zafin tauraro, sai a wayi gari an ƙiyasta zafin da ba nasa ba. Shi ya sa tun 1953 Johnson da Morgan suka fito da tsarin UBV, domin masana su riƙa awo da mudu ɗaya.

Wannan ilimi bai tsaya a sama ba. Tauraron ɗan'adam na farko na ƙasarmu, NigeriaSat-1, da aka harba daga Rasha a 2003, ya riƙa ɗaukar hoto ne da zango uku: kore, ja, da wani haske da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani. Lafiyayyen ganye yana mayar da wannan na ukun sosai, mai cuta kuwa kaɗan. Da irin wannan awo ake iya lura da dazuzzukan Kagoro ko gonakin Samaru Kataf daga sama. Idan aka musanya zango biyu a manhaja, gona mai kyau sai ta fito kamar ƙeƙasasshiya.

Saboda haka, kafin ka yarda da launin irin waɗannan hotuna, fara tambayar matatar da aka ɗauke su da ita.